Ɓeran Rumbu da Taubashin Alhaji

A da, kafin magana ta yi maka zafi sai ka fara duba bakin da ta fito. Magana ɗaya ce, amma idan jikanka ya faɗa maka dariya za ka yi, idan kuwa ɗanka ne sai an tara dangi. Bafulatani ya gamu da Babarbare a tasha su yi ta ci wa juna mutunci, baƙo ya zaci yanzu za a zare wuƙa, ƙarshenta a kwano ɗaya za su sa hannu. Yanzu magana takan iske ka a waya, ba baki ba fuska, sai wani suna da mai ita ya raɗa wa kansa, da hoton zaki ko na fure. Ka karanta, ka rasa ko dariya ce ta kamace ka ko fushi.

Na yi yawo daidai gwargwado a zamanin da nake fataucin fata da ƙirgi. A Agadas na zauna da Buzaye masu rufe fuska sai idanu, amma ban taɓa ganin wanda ya ɓace wa ɗan'uwansa ba. Da tafiya ake gane mutum, da naɗin rawani, da raƙumin da ya ɗaure a waje. A Bamako kuwa, abin da ake fara tambayarka shi ne sunan gidanku, don a san ko ya halatta a zage ka. Kana faɗa, sai mai shayi ya tafa hannu ya ce ashe bawansa ne ya zo, maci wake. Na ji irin wannan wasa da Bambaranci, na ji shi da Fulatanci da Larabcin Shuwa, kuma ko'ina ƙa'idar ba ta sauya ba: wasa yana da mai shi. Ko yaran tashe da ke manna gemun auduga suna kwaikwayon dattawa, kowa ya san ɗan gidan wane ne a ƙarƙashin gemun.

Maƙwabcina a Dutsin-Ma, wanda zan kira Alhaji kawai, ɗan kasuwar hatsi ne, gadon gidansu ne. Tare muka taso. Mahaifiyarsa 'yar Wurma ce ta ƙasar Kurfi, kuma a can yake da taubashi, ɗan kawunsa, manomi mai shanun huɗa da 'yan awaki. Da yake Alhaji ɗan mace ne, taubashin bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "bawana". Duk ranar kasuwa zai iso da ƙurar hanya a ƙafa, ya zaɓi buhun da ya fi kowanne cika ya haye, ya zura hannu a aljihun Alhaji ya zaro goro.

"Bawana, ina ruwan da za ka ba ubangidanka?"

"Baƙauye ya shigo gari," in ji Alhaji. "Ku ɓoye mudu, kar ya zaci kwanon tuwo ne."

"Wane mudu? Wanga da ka bubbuge wa gindi har ya koma rabi?"

Masu saye suna tsaye suna ji, su yi dariya, su miƙa buhunansu a auna musu. Babu wanda ya taɓa komawa gida da zargin mudun Alhaji, don an ga bakin da maganar ta fito.

Akwai labari ɗaya da taubashin ba ya gajiya da shi. Suna yara, an kai Alhaji Wurma wurin kakarsu. Ya hau tsani ya dira cikin rumbu don ya saci gyaɗa, taubashin ya ɗauke tsanin ya tafi abinsa. Cikin rumbu da zurfi, ko da tsanin ma ba lalle ya iya fita ba. Can aka jiyo rumbu yana kuka, kakar ta ce aljani ne, aka kira malamin unguwa ya zo yana tofi, sai ga kan yaro. Ba suna, ba ɗaurin aure, ba zaman makoki in ya yi kwana biyu, da taubashin bai ba da wannan labari ba, kullum kuma aljanin ƙara girma yake. Alhaji yakan yi dariya har ya cire hula ya share ido da ita.

To, sai wasu samari suka buɗe zaure a waya na manoma da 'yan kasuwar Dutsin-Ma da Kurfi. Abin ya yi amfani. Nan ake jin farashin masara da na taki, da inda ruwa ya sauka, da hanyar da ya kamata a kauce wa ranar nan. Irin zauren nan ne da ba a ganin lambar kowa, sai sunan da ka ga dama. Mu tsofaffi muka shiga da sunayenmu na yanka, Alhaji har da hotonsa cikin babbar riga. Samarin kuwa da laƙabin da suke buga wasannin waya suka shigo, ludo da ƙwallo da na harbe-harbe, inda mutum zai shekara yana karawa da abokin wasa bai san ko a Kano yake ko a bayan katangarsu ba. Sai ka ga Damisar Dabawa tana musu da Gaskiya Ɗaci a kan kuɗin waken suya. Da farko abin ya ba ni dariya. Na ce a raina, ga Buzaye amma ba raƙumi a waje.

Shekarar da hatsi ya yi tsada sosai, gab da faɗuwar damina, Alhaji ya rubuta farashin da yake sayar da gero. Wani mai suna Ɓeran Rumbu, wanda ba mu taɓa lura da shi ba, ya amsa masa a ƙasa: "Wanda ya shiga rumbu tun yana yaro har yau bai fito ba. Yana ciki yana jiran tsada ta sa masa tsani."

Mutane suka yi ta jera fuskokin dariya. Daga baya dariyar ta ragu, wasu marasa fuska suka fara rubuta cewa Allah ya isa tsakaninsu da masu ɓoye abinci.

Bayan la'asar Alhaji ya shigo zaurena, ya zauna a tabarma bai ko gyara riga ba, ya miƙo mini wayar.

"Malam, kai ka yi yawon duniya. Karanta ka faɗa mini. Dariya zan yi ko fushi?"

"Ya danganta da wanda ya rubuta."

"Ai shi na zo tambaya. In baƙauyen nan ne, na tanka da zafi, na ji kunya har in mutu. A ce Alhaji ya yi fushi da wasan taubashi, wa ya taɓa ji? In kuma wani ɗan da na haifi ubansa ne, na sa mashi dariya, to an zage ni a gaban jama'a na tafa."

Na ce ya yi shiru tukuna. Ya yi shirun, amma Ɓeran bai yi ba. Duk sanda Alhaji ya ce uffan a zauren, ko da barka da Juma'a ce, sai ya ɓullo. Ya san gyaɗa ce aka shiga sata. Ya san da malamin tofi. Bai taɓa sa murya ba, rubutu kawai, gajere, mai kaifi. Kuma ni kaina in na karanta sai in ji kamar da muryar taubashin nake ji, ban sani ba ko don da muryarsa na saba jin labarin ne.

Daga nan Alhaji ya zama mai bincike. Kullum da sabuwar hujja.

"Ka lura ran da aka ce ba sabis a Wurma bai yi magana ba?"

"Ran nan mu ma nan ba mu samu ba, Alhaji."

"To wa ya san zancen malamin tofi?"

"Duk wanda ya taɓa cin tuwon suna a danginku."

"Amma wa zai iya ƙulla magana haka, tsada ta sa mashi tsani? Bakinshi ne."

"Wayarsa ƙarama ce mai madannai, kuma boko bai dame shi ba."

"'Ya'yanshi fa? Ba sai ya kishingiɗa ya ce a rubuta ba?"

Wannan kam ban iya musa shi ba. Wata rana kuma ya sauya, ya ce ba taubashin ba ne, abokin hamayyarsa ne na layin masu gero. Washegari ya ce ko cikin yaran sitonsa ne, don ya ga ɗaya yana murmushi shi kaɗai yana latsa waya. Rannan muna zaune ya daɗe yana kallon wayata da ke kan tabarma, sannan ya ce, kamar da wasa, "Kai ma dai ka iya rubutu, Malam." Na yi dariya, shi bai yi ba sosai. Ban ji haushi ba, don ni ma a lokacin na fara kallon yatsun mutane a masallaci da wurin mai shayi, ina cewa ko wannan ne.

Duk wannan lokaci taubashin yana zuwa ranar kasuwa, ya haye buhu, ya zaro goro, ya ce bawana. Alhaji yana mayar masa, amma na ga ya fara sauraren kalmominsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Dariyar tana fita a makare.

Sai aka yi haihuwa a Wurma, aka gayyace mu suna. A hanya, cikin mota, Alhaji ya faɗa mini dabarar da ya ƙulla. Zai ja taubashin gefe ya ba shi wani labari na ƙarya wanda ba wanda ya sani, ya ce sirri ne. In labarin ya fito a bakin Ɓeran Rumbu, magana ta ƙare. Labarin kuwa shi ne wai yana cikin sito ɓera ya shige masa wando, ya fito da gudu har ya bar takalmi. Na ce dabara ta yi. A ƙasashe da dama na ji ana kama mai tsegumi da irinta. Mu biyu, da furfurarmu, babu wanda ya tsaya ya tuna wa za a ba sirrin.

Bayan an raɗa suna an shafa fatiha, ana raba goro, na ga Alhaji ya ja shi bayan wata bishiyar ɗorawa. Ina hango su. Alhaji yana magana ƙasa-ƙasa, yana ɗaga yatsa alamar gargaɗi. Taubashin ya saurara, ya buɗe baki, ya dafe ciki, ya durƙushe. Da ya miƙe bai ko waiwayi Alhaji ba, ya nufo taron yana ɗaga hannu.

"Jama'a, ku tsaya, kar kowa ya tashi! Ku ji abin da ya samu bawana a birni!"

Ya ba da labarin a tsaye, har da kwaikwayon gudun, riƙe da mazagin wando. Ya ƙara da cewa ɓeran jikan wanda suka zauna tare a rumbun kaka ne, ya zo gaishe da tsohon maƙwabci. Liman ya yi dariya har ya ƙware. Kafin mu ci tuwo mun jiyo shewa daga cikin gida, labari ya isa wurin mata. Alhaji yana zaune yana yaƙe, ba damar ya ce ƙarya ce, tunda shi ya ƙaga.

Muka kamo hanyar dawowa. Can wajen Kurfi ya ce, "Na ce mashi sirri ne."

"Sirri a hannun taubashi, Alhaji? Ai ka ba kura ajiyar nama."

Washegari labarin ya fito a zauren, a bakin Ɓeran Rumbu, har da zancen tsohon maƙwabci. Mutanen da suka ji shi a wurin sunan sun cika ƙofar gida, banda mata, banda waɗanda aka kai wa. Tarkon bai kama kowa ba sai mai shi. A kasuwa yara masu dako suka fara ce wa juna a kula da wando in sun wuce gaban rumfarsa. A zauren kuma zancen ɓoye hatsi bai mutu ba, duk sanda aka yi dariyar wando sai wani ya dawo da shi.

Ranar kasuwar da ta biyo ina rumfar Alhaji. Taubashin ya iso kamar kullum, ya haye buhu, ya zura hannu ya zaro goro ya ɓare.

"Bawana, yau ka ɗaure ƙafar wando kuwa?"

Mutane suka yi dariya. Alhaji ya ajiye mudun da ke hannunsa.

"Ina da tambaya. Kai ne Ɓeran Rumbu?"

"Wane?"

"Na cikin waya. Mai zagina a zaure."

Na sa ido a fuskar taubashin, ina neman ko ƙiftawa ɗaya. Ban ga komai ba da zan iya riƙewa. Ya tauna goronsa, ya dubi jama'a, ya washe baki.

"Ni ne mana! Wa ke da ikon zagin bawana in ba ni ba? Ko a waya, ko a rediyo, ko a jirgin sama, duk wanda ya zage ka ni na aike shi."

Aka sake fashewa da dariya. Amsar taubashi ke nan, ko shi ne ko ba shi ba ne haka zai ce, kuma kowa a wurin ya san haka. Da Alhaji ya bi dariyar, da an wuce wurin. Amma an kwana biyu abin yana cin sa a rai.

"Ba wasa nike ba," ya ce. "In ba kai ba ne, ka rantse."

Mai auna dawa a gefe ya tsaya da mudu a sama. Taubashin ya daina tauna. Ya dubi Alhaji, ya daɗe yana dubansa, sannan ya sauko daga kan buhun a hankali. Ya ajiye ɓarin goron da ya rage a kan buhun, ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗan rusuna kamar yadda talaka ke yi wa mai arziki.

"Allah shi huci zuciyar Alhaji," ya ce. "Allah shi ba da kasuwa."

Ya juya ya shiga cikin mutane. Tun muna yara ban taɓa jin kalmar Alhaji, ko wani suna na girmamawa, ta fito daga bakinsa zuwa ga mutumin nan ba sai ranar.

Bayan an yi girbi na shirya na tafi Wurma ni kaɗai, ko zan iya gyara wani abu. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, aka ajiye mini takalmi a zaure, aka kawo fura. Da na ɗauko zancen sai ya girgiza kai.

"Malam, kai ka ga ƙasashe. Ka taɓa ganin inda aka sa taubashi rantsuwa a kan wasa?"

Na ce ban taɓa gani ba.

"To. Tun muna tsirara nike zaginshi a gaban idonshi, a gaban iyayenmu, a gaban surukanshi. Mi zan ɓoye ma? In na rantse, na yarda ke nan ni mutum ne da za a zarga da jifa daga bayan danga. Wanda ya nemi rantsuwata ya riga ya fidda ni daga taubashi ya maida ni wani mutum can. To na zama."

Maganarsa ta shige ni, na kuma gaskata shi a lokacin. Amma da na tashi tafiya, na leƙa zaure in ɗauki takalmina, sai na ga babbar waya a kan taga an jona ta da ɗan faifan sola. Ta ɗansa ce, na sani. Duk gidan da ka shiga yanzu akwai irinta. Duk da haka na tsaya ina kallonta fiye da yadda ya kamata, kuma har na iso Dutsin-Ma ina juya abin a raina. Bai ce mini shi ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne.

Ɓeran Rumbu bai sake magana ba tun daga makon da aka yi abin a kasuwa. Alhaji ya ce ga hujja nan ƙarara. Na ce masa duk wanda ke tsaye a rumfar ranar, ko wanda aka ba labari, zai iya tsorata da abin da ya haddasa ya ja bakinsa. Ya ce haka ne. Bayan ɗan lokaci ya ce amma dai. Daga baya wani sabon suna ya ɓullo a zauren yana tsokanar wani dillalin shanu da irin wannan gajeren rubutu mai kaifi, muka yi ta gardama ko Ɓeran ne ya sauya riga. Ba mu sani ba, kuma babu wanda za a tambaya.

Alhaji ya aika da buhun gero Wurma da azumi, an karɓa, an aiko da godiya. Da Sallah ya je da kansa. Ina wurin ya gwada tsokanarsa, ya ce, "Baƙauye, ba ka iya gaida mutanen birni ba?" Taubashin ya yi murmushi ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji, ya hanya?" Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma mafi kyau, shi ya zauna a ƙasa.

Ba su yi faɗa ba, ba su yanke zumunci ba. Suna zuwa suna da jana'izar juna, suna gaisawa da mutunci. Ranar kasuwa taubashin yakan tsaya daga bakin rumfa ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya wuce. Bai sake hawa buhu ba, bai sake sa hannu a aljihun Alhaji ba, labarin rumbu kuma ba a sake ba da shi a taron dangi ba. Wasan da ke tsakaninsu ya ƙare, kuma bai dawo ba.